Tela da 'Yar Mai Rediyo

Ranar Asabar ce da hantsi ya shigo shagon yana magana a waya. Ya gama, ya ɗaga wani kiran, sannan ya tuna bai yi sallama ba. Ya koma bakin ƙofa ya yi, ya sake shigowa. Budurwar da ke bayan kanta tana duba takardun jarrabawa ta amsa ba tare da ta ɗago ba.

Shagon gyaran rediyo ne, irin wanda zamani ya wuce ya bar shi a tsaye. Daga ƙasa har sama rediyoyi ne da rikodoji, waɗansu masu su sun manta da su, waɗansu masu su sun riga mu gidan gaskiya. An gaya masa akwai kwali uku na tsofaffin kaset a wurin, kuma mai shagon ba zai ƙi rabuwa da su ba. Ta ce mahaifinta ya fita, amma ga kwalayen can, ga rikoda, ya saurara.

Ya saka kaset na farko, ya ji daƙiƙa goma, ya tura gaba, ya ji biyar, ya cire. Ya saka na biyu. Cikin kwatan awa ya wuce kaset ashirin, ƙafarsa ta dama tana kaɗawa kamar ba tasa ba. A na ashirin da ɗaya ta ajiye jan biro.

"Malam, wani ne ya biyo ka?"

Ya juyo zai ba da amsa, amsar ta ɓace. Doguwa ce, mai tabarau, da ɗan tabon alli a gefen hannun riga. Ba ta yi murmushi ba, kallonsa take yi yadda take kallon ɗalibin da ya rubuta amsa bai nuna hanyar lissafi ba. Kaset ɗin da ke cikin rikodar ya ci gaba da juyawa har minti guda, abin da bai taɓa faruwa a hannunsa ba.

Da bakinsa ya dawo, ya yi mata bayani. Shi dije ne na waƙoƙin hip-hop. Aikinsa ya zare muryar wannan waƙa ya ɗora ta a kan kiɗan waccan, ya ja nan, ya rage can, har mai sauraro ya rantse tare aka haife su. Ba ya buƙatar waƙa duka, 'yan daƙiƙu masu kyau kawai yake nema, sauran cika wuri ne. Saboda wannan ɗinki ne ake ce masa Tela. Sunansa na gaskiya yayarsa kaɗai ke kira, shi ma sai ya yi laifi.

A ɗakin ajiyar kayan wannan yayar ya fara, da kwamfutar aro mai tsagaggen gilashi. Haɗinsa na farko da ya yi suna, wani mawaƙin gambara ne mai zafin baki ya ɗora a kan kiɗan wata tsohuwar waƙar ban kwana, sai zagin ya koma kamar kuka. Masu motocin haya suka ɗauka, masu aski suka ɗauka. Yanzu yana da situdiyo mai ɗaki biyu, da shirin awa guda a gidan rediyo duk Asabar da la'asar, da mawaƙan da ke layi don ya haɗa musu kiɗa.

Ta saurara har ya kai aya, ta ce ita dai yanka ta gani, ba ta ga ɗinki ba tukuna. Ya karɓi lambarta da sunan zai kira ya ji ko mahaifin ya amince da maganar kwalayen. Ya fita ya bar hedifon ɗinsa a kan kanta. Har yau yana rantsuwa mantawa ya yi.

Kafin azahar saƙo ya shigo mata.

"Malama, Tela ne, wanda aka biyo. Na isa lafiya, ba su kama ni ba."

Sai da ta gama takardun aji biyu ta amsa.

"Madalla. Ka bar hedifon ɗinka. Na ba ka uku bisa goma a natsuwa."

"Ukun na mene ne?"

"Na komawa ka yi sallama."

Haka abin ya fara. Lissafi take koyarwa a makarantar sakandare, Asabar kuma ta riƙe wa mahaifinta shago. Tela yakan zo ɗaukarta idan an tashi, ya tsaya a bakin get bai kashe mota ba. A hanya ya kunna mata waƙa, kafin ta kama amshin ya canza wata. Ta sa masa suna Ɗan Gaggawa. Shi kuma ya kira ta Natsuwata, da farko a waya kawai, daga baya har a gaban yayarsa, wadda ta dube shi ta ce a jiƙa masa wannan yarinya ya sha.

Wata rana a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban makarantar ya kashe motar da kansa.

"Natsuwata, duk abin da na ji a duniya sai kunnena ya fara nemo masa abokin haɗi. Ko fanka ce ke juyawa ina ƙirga bugunta. Ke kaɗai na ji na ce a bar ta haka, kada a ƙara komai."

Ta cire tabarau ta goge, ko da yake ba abin da ya same shi. Ta ce wannan ta ba shi bakwai.

Irin maganar da samari ke yi ke nan tun ba su san tsawon shekara ba, balle gajartarta. Amma da gaske yake, ita ma ta san da gaske yake.

Bayan wata biyar kawunsa ya je wurin mahaifinta. Mai Rediyo dattijo ne siriri, mai ƙarancin magana, wanda matarsa ta rasu shekara ashirin da suka wuce bai sake aure ba, bai kuma yarda a yi masa zancen ba. Ya karɓi baƙon da mutunci, ya tambayi sana'ar yaron. Kawu ya yi iya ƙoƙarinsa. Mai Rediyo ya tambaya ko waƙar tasa ce, aka ce a'a. Kiɗan fa? Shi ma yawanci na wasu ne. To nasa mene ne a ciki? Kawu ya ce haɗin.

"Haɗin gambiza," in ji Mai Rediyo. Ya ce zai yi tunani.

Ya shafe wata uku yana tunanin. Da 'yarsa ta matsa, ya ce mata mutumin da ya saba ɗaukar wuri mai daɗi ya zubar da saura ba mijin aure ba ne, domin aure kusan duk saura ne. A cikin watannin nan wani injiniyan kamfanin ruwa, ɗan abokinsa, ya fara zuwa shagon duk Asabar da yamma. Mutum ne mai gogaggiyar riga da haƙuri, wanda duk abin da dattijon ya faɗa sai ya ce gaskiya ne, Baba. Ba a ce wa Malama komai a kansa ba, amma an ƙara kujera a shagon.

Tela ya rasa inda zai sa kansa. Ya aika wa dattijon sabuwar na'urar gwada wuta, aka dawo da ita da godiya. Ya aika wa Malama saƙo goma sha biyu a yini ɗaya, na ƙarshen yana cewa:

"Ki gaya min abu ɗaya da zan yi masa wanda Injiniya ba zai iya ba. Ɗaya tak."

Ta daɗe tana kallon saƙon. Akwai abu ɗayan.

A aljihun teburin aikin mahaifinta akwai wani kaset mara rubutu. Shekara ashirin da 'yan watanni da suka wuce, ya gyara wata rikoda a gida, ya danna ɗauka don gwaji, aka kira shi ya fita ya manta. Kaset ɗin ya ɗauki ɗakin yadda yake: matarsa tana guga tana rera waƙa ƙasa-ƙasa, 'yarsu mai shekara biyar tana buga cokali a gwangwani. Wata biyu bayan haka ciwo ya kwantar da matar. Ba ta bar hoto mai kyau ba, ba ta bar wasiƙa ba, wannan ne kawai. Ranar ɗaya ga kowane wata yakan rufe shagon da rana ya saurara shi kaɗai. Malama ta bayan ƙofa take ji tun tana yarinya, kuma ta lura muryar tana ƙara dushewa. Zaren ya tsufa. Ta sha ce masa a juye shi a kwamfuta, ya ce ba wanda zai taɓa.

Ranar Alhamis ta ɗauke kaset ɗin a ɓoye ta kai situdiyon Tela. Ta gaya masa abin da ke ciki. Ta ce ya juye shi kawai, ta mayar kafin ɗaya ga wata, sannan su kai wa Baba tare. Ya karɓa da hannu biyu.

Juye kaset ba ya son dabara, zama yake so. Sai an bar shi ya juya da tafiyarsa tun daga farko har ƙarshe. Tela ya saka shi a rikodarsa, ya haɗa da kwamfuta, ya zauna. Minti uku na farko ƙarar dutsen guga ne da yayyafin ruwa. A minti na shida matar ta fara rera waƙa. A na tara ta yi shiru. Wayarsa ta yi ƙara, wani mawaƙi ne a ƙofa da ƙorafi. Ya ce bari ya leƙa ya dawo.

Da ya dawo bayan rabin awa, rikodar ta tsaya. Ya buɗe murfin ya ga zaren ya fito ya nannaɗe ƙarafan ciki, ya cukurkuɗe, wani wuri ya tsinke. Minti goma sha biyu kawai kwamfutar ta samu.

Ya ɗauki waya zai kira ta, ya ajiye. Ya zagaya ɗakin ya sake ɗauka, ya sake ajiyewa. Sannan ya yi abin da ya iya. Ya ce a ransa idan ya lalata abu, to bari ya biya da wanda ya fi shi kyau. Ya ware daƙiƙa arba'in na waƙar, ya share ƙarar guga da ta cokali, ya cire shiru da jan numfashi, ya daidaita inda muryar ta karkace, ya shimfiɗa mata kiɗa mai taushi a ƙasa. Kwana biyu yana kai. Abin da ya fito shi ne mafi kyau da ya taɓa haɗawa, kuma ya sani. Mai sana'a idan ya san haka, hankalinsa kan tafi hutu.

"Natsuwata, gobe da la'asar ki kunna shirina a shago. Ki tabbata Baba yana kusa. Ina da kyauta."

Ta ɗauka gaisuwa zai aiko wa dattijon. Ta kunna babbar rediyon da ke saman kanta. Mai Rediyo yana teburinsa, Injiniya yana kujerarsa yana yarda da wata magana. Ana saura minti biyar a rufe shirin, Tela ya ce wannan ta wani uba ce da yake girmamawa.

Kiɗa ya fara. Muryar ta shigo, tsaf, ba ƙura, kamar jiya aka ɗauka.

Dattijon bai motsa ba har aka gama. Ya jawo aljihun tebur ya duba, ya mayar a hankali. Ya dubi 'yarsa. Injiniya, wanda aka yi wa bayani a gurguje, ya ce ai ana iya kai yaron kotu, amma dai a yi haƙuri, Baba, kaset ne kawai. Mai Rediyo ya ce masa ya gaida mutanen gida. Washegari aka mayar da kujerar ciki.

Da suka rage su biyu, abu ɗaya ya faɗa.

"Ya cire mata numfashi."

Ta fita waje ta kira Tela. Ya ɗaga da murna yana tambayar me Baba ya ce. Ta ce ya kawo kaset ɗin yanzu. Nan ya gaya mata abin da ya sami zaren. Ta saurari bayanin duka, ba ta katse shi ba, ta kashe wayar.

Kwana tara ba ta amsa masa ba. A gida ita da mahaifinta sai gaisuwa. Ɗaya ga wata ta zo, ya rufe shagon da rana kamar kullum, ya zauna a ciki ba abin da ke juyawa.

Waƙar kuwa ta kama gari. Waɗansu sun ɗauka daga rediyo, ta shiga wayoyi. Mai Rediyo ya ji matarsa a motar haya, a aljihun wani saurayi mai cin gyaɗa, ya sauka tun bai kai inda za shi ba ya ƙarasa da ƙafa. Wani kamfani ya kira Tela yana son fitar da ita, ya ce ba tasa ba ce. Ya roƙi gidan rediyon kada su maimaita shirin. Sauran ya fi ƙarfinsa. Ya soke wasanni biyu, ya rame, ya riƙa tuƙi yana wuce titin shagon yana dawowa. Saƙonni kuwa bai daina tura mata ba.

"Na san ban da bakin magana. Ban yi don in yi suna ba, wallahi. Tsoro na ji."

"Natsuwata, ko zagi ne ki turo."

"Ban taɓa zaren ba. Yana nan yadda yake."

Yayarsa ce ta gaji. Ta kira shi da cikakken sunansa, ta ce ya daina damun yarinyar mutane da saƙo, ba ita ya kamata ya fara ba wa haƙuri ba. Abin da ya ɓata yana ina? Ya ɗauka ya kai wa mai shi, a ƙafa, ya tsaya a yi masa duk abin da za a yi masa.

Ya shiga shagon ranar Litinin da azahar rungume da rikodar gaba ɗaya. Ya ajiye a kan kanta, ya durƙusa, ya faɗi abin da ya yi bai rage komai ba, har da fitar da ya yi ya bar kaset yana juyawa. Mai Rediyo bai dube shi ba. Ya buɗe murfin, ya haska tocila, ya daɗe.

"Ka ja?"

"Ban ja ba, Baba."

"Abu ɗaya ke nan da ka yi daidai."

Ya ɗauko ɗan hantsaki ya nufi zaren. Hannun ya kama rawa. Ya tsaya, ya sake gwadawa, bakin hantsakin yana bugun ƙarfe. Shekara biyu ke nan yana ɓoye wannan, shi ya sa rediyoyin kanta ba sa raguwa. Ya ajiye hantsakin. Ya ce wa Tela ya je ya wanke hannu da sabulu, ya kashe wayar nan ya sa ta a gwangwanin ƙusoshi.

Yini uku suka yi. Dattijon yana faɗa, saurayin yana yi. Suka kwance rikodar ƙusa bayan ƙusa don kada a ja zaren. Suka zaro shi kaɗan-kaɗan suka shimfiɗa a kan gilashi. Inda ya yamutse, Tela ya riƙa lallashinsa da bayan cokali, a hankali, sau ɗari a wuri ɗaya. Mutumin da ke yanka waƙa goma cikin minti guda a kwamfuta ya shafe awa biyu a kan abin da bai kai taƙi ba. Duk sanda ƙafarsa ta fara kaɗawa, dattijon ya ce ana girgiza masa tebur. Ba su yi wata hira ba. Sau ɗaya kawai Mai Rediyo ya tambaye shi yadda ake raba murya da kiɗa, ya saurari amsar, ya ce aikin banza ne amma akwai ilimi a ciki.

Malama takan dawo daga makaranta ta tarar da kawunansu biyu a ƙarƙashin fitila ɗaya. Takan ajiye wa mahaifinta ruwa. Rana ta biyu ta ajiye kofi biyu.

Inda ya tsinke sai da aka yanke da reza aka liƙa. Tsawon yatsa ya tafi, daƙiƙa biyu, ba mai dawo da su. Mai Rediyo ya sa guntun a ambulan.

Ranar Laraba da yamma Tela ya naɗe zaren da fensir ya rufe kaset ɗin. Ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, zaren ba zai jure juyi da yawa ba, wataƙila ɗaya ya rage masa. Idan Baba ya yarda, a juye shi yanzu, a rikodar Baba, a gaban Baba. Dattijon ya fi shi sanin haka. Ya ce a kawo kwamfutar. Ya ce kuma a minti na talatin da ɗaya za a tsaya, nan ne ƙarshe.

Aka rufe ƙofar shago. Malama ta zauna a gefen mahaifinta, karo na farko da za ta ji ba ta bayan ƙofa ba. Dutsen guga, yayyafin ruwa, cokali a gwangwani. Matar ta ja numfashi ta fara waƙa, ta manta baiti, ta yi tsaki, ta koma farko. Aka wuce inda aka liƙa, ɗan tsalle kaɗan. Sai dogon shiru, tari, jan kujera, "sauka daga nan kar ki faɗi." Tela yana zaune hannayensa a kan gwiwa, idonsa a kan zaren.

A minti na talatin da ɗaya aka ji mabuɗi a ƙofa a cikin kaset ɗin. Mai Rediyo ya miƙa yatsa zai danna. Malama ta riƙe hannun.

"Baba, ni ma uwata ce."

Ya dube ta kamar zai yi faɗa. Kafin ya yi, wani ya riga shi daga cikin rikodar, muryar saurayi mai ƙarfi da gajiya.

"Wa ya taɓa min tebur? Sau nawa zan faɗa? Ke ba ki da aiki sai waƙa?"

Ƙofa ta bugu. Dattijon ya sunkuyar da kai. Ya san da wannan maganar, shi ya faɗe ta. Sau ɗaya ya ji ta a kaset, a makon da aka yi rasuwar, ya kashe, bai sake yarda ya kai wurin ba. Shekara ashirin yana ganin da wannan ya rufe mata baki.

Zaren ya ci gaba. Shiru na kusan minti guda. Sai matar ta kumbura murya ta ce, "Wa ya taɓa min tebur?" Yarinya ta ƙyalƙyale da dariya.

"Kin ji babanki ko? Ƙyale shi, yunwa ce. In ya ci abinci zai dawo mutum."

Takun ƙafa ya matso. "Au, abin nan juyawa yake yi." Numfashinta ya cika lasifikar, kusa sosai.

"Mai Rediyo, in ka ji wannan, ni na taɓa. Goge shi na yi. Gobe ma zan goge."

Ta yi dariya, ta koma kan gugarta, ta ɗauko waƙar daga inda ta manta, wannan karon ta tuna baitin. Haka aka yi ta ji har zaren ya ƙare, rikodar ta kashe kanta.

Mai Rediyo ya tashi ya shiga bayan shago. Suka ji famfo yana zuba, ya daɗe yana zuba. Malama ta cire tabarau ta kifa fuska a kan kanta. Tela ya adana abin da aka juye a wuri uku, bai yanke ko daƙiƙa ɗaya ba.

Dattijon ya fito fuskarsa a jiƙe. Ya tsaya yana gyara kayan tebur da ba su buƙatar gyara. Ya ce wa Tela ya ɗauki wayarsa a gwangwani. Da saurayin ya kai ƙofa, ya ƙara da cewa:

"Ka ce wa kawunka ya dawo. Ya zo da safe, da rana ina da aiki."

Ta raka shi bakin mota. Ya buɗe baki, ta ɗaga hannu. Ta ce Baba ya yafe, ita ba ta gama ba. Ba lalata kaset ɗin ne ya fi yi mata ciwo ba, don ita ta sato shi, laifin nasu ne su biyu. Kwana biyun da ya yi yana turo mata saƙon soyayya alhali zaren yana cukurkuɗe a ɗakinsa, su ne ba ta san inda za ta ajiye ba.

"In ka ɓata abu a gidana, Ɗan Gaggawa, ka zo min da shi a ɓace. Kada ka yi masa kwalliya."

"Na yi alkawari."

"Kar ka yi sauri. Je ka yi tunani, ka amsa gobe."

Washegari da hantsi, tana tsakiyar darasi, wayarta ta motsa a jaka. Sai da aka fita tara ta duba.

"Na yi tunani. Amsar ba ta canza ba. Ina son ki, kuma ina jin tsoronki kaɗan."

"Haka ake so," ta rubuta. Ta tsaya, ta ƙara: "Ni ma ina son ka. Ka zo da wuri."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Amarya ta kafa sharaɗi cewa ango ba zai taɓa na'ura a wurin walima ba, don haka wani abokinsa ya riƙe kiɗan. Duk sanda abokin ya haɗa waƙa biyu suka yi karo, ango ya runtse ido kamar an taka masa yatsa, amarya ta danne masa hannu a ƙarƙashin tebur tana gaisa da baƙi. Yayarsa ta yi kuka ta ce hayaƙi ne. Injiniya ya zo da kyautar agogon bango, ya ce taro ya yi kyau, gaskiya ne.

Da za su tafi, suka durƙusa a gaban Mai Rediyo. Mutane suka yi shiru ana jiran nasiha. Ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kafaɗar angon, bai damu da a ga rawar da hannayen suke yi ba.

"Ba ni da dogon bayani. Ni shekara bakwai aka ba ni, na ɗauka farkon ne. Allah ya ba ku masu yawa, ya sa ku san kuna cikinsu. Allah ya yi muku albarka."

Aka ce amin. Ya tsaya a bakin titi har motar ta sha kwana, sannan ya karɓi hannun kawu, tsofaffin biyu suka koma ciki a hankali.